Godiya bayan dawowarmu daga Yankari da ƴan aji biyar

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi mun dawo lafiya jiya da la'asar, yara 42 muka tafi da su kuma 42 muka damƙa wa iyayensu a bakin get, ni dai sai da na ga na ƙarshe ya hau mashin ɗin babansa sannan hankalina ya kwanta. Kwana biyu a Wikki, masaukin baƙi mai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi a cikin gandun dajin Yankari, da ƴan firamare ba wasa ba ne wlh.

Iyaye ku ne a gaba, musamman waɗanda da farko suka ce a'a, wai wane irin karatu ne a daji, amma daga baya suka sa hannu a takarda har wata baiwar Allah ta aiko mana da ƙuli da soyayyar gyaɗa cike da bokiti. Allah ya saka da alheri. Hedimasta da shugaban PTA, kun sha zirga-zirga a kan kuɗin mota, mun gani.

Sai abokan aikina uku, malamin kimiyya, malamar Hausa da malamin addini. Tun farkon zango muka yi shawara cewa kowane yaro littafi ɗaya zai riƙe, duk darasin da ya taso a tafiyar a ciki zai rubuta ba sai an ce masa yanzu lokacin kaza ne ba. Ni da nake koyar da lissafi na sa su da kansu suka fitar da kuɗin mai na tafiyar sama da kilomita 100 daga Bauchi, da buhun shinkafa nawa zai ishe mu, kuma gaskiya lissafinsu ya fi nawa kusa da daidai. A can malamin kimiyya ya ba su ma'aunin zafi suka tsoma a ruwan Wikki bayan sallar asuba ya nuna digiri 31, suka koma da azahar rana na dukan kai ya sake nuna 31, nan fa gardama ta kaure, wata yarinya ta ce to wa yake hura wutar a ƙasa? Malam bai yi mata dariya ba, ya zaunar da su ya yi bayanin yadda ruwan ke fitowa daga can ƙarƙashin dutse inda ƙasa take da ɗumi dare da rana. Wannan tambayar kaɗai ni ta biya ni wahalata. Malamin addini kuwa ya samu abin da yake nema, yaran da suka haddace babin ƙasaru a aji sai ga shi sun yi ta da kansu, suka kuma nemo alƙibla da fitowar rana.

Abin da ya ɗan ba ni kunya, yaranmu sun san sunan dabbobi da Turanci amma gwanki da ɓauna da mazo sai kallon juna suke. Malama ta sa sun cika shafi biyu har da itatuwa, marke, kaɗanya, ɗorawa, giginya.

Ma'aikatan gandun da suka zaga da mu, mun gode da haƙurinku. Giwa dai ba mu yi sa'ar gani ba, sawunta da kashinta kawai muka tarar kusa da kogin Gaji, yara suka auna sawun da rula suka zana. Kun kai mu kogunan dutse na Marshall, kun faɗa musu tun 1956 aka keɓe dajin aka buɗe wa baƙi a 1962, duk sun rubuta.

Iya mai girki sannu da hayaƙi, kuma ki yafe wa gwaggon birin da ya fizge ledar biredi a hannunki, yaran ma shi suka fi zanawa. Direbanmu da mai facin da ya tashi daga barci ya gyara mana taya bayan Dindima, ban ma tambayi sunansa ba, Allah ya buɗa masa.

Ranar Alhamis da ƙarfe 10 yaran za su baje littattafansu da taswirar da suka zana a ajinsu, dan Allah iyaye a daure a zo. Sannan duk wanda ɗansa ya koma gida da flas shuɗi wanda ba nasa ba ya taho da shi, mai shi tun jiya yake kuka.