Agogon Ingila da darasi ta intanet

Agogo ne ke fara kunyata sabon zuwa Ingila a harkar karatu ta intanet. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba suna mayar da shi baya da awa ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Maris su tura shi gaba, waya kuma ta gyara kanta cikin dare ba sallama. A Najeriya da Nijar ba mai taɓa agogo. Daga ƙarshen Maris zuwa Oktoba lokacinmu ɗaya da Landan, sanyi na kawo jiki gida ya riga ka da awa guda. Malamin da ya ce wa ɗalibansa na gida "ƙarfe huɗu" kawai, sai ya shigo da fara'arsa ya tarar sun yi awa cur suna jira, rabinsu data ta ƙare. Wa zai yarda ba wulaƙanci ba ne, tunda an je Turai?

Kullum rubuta lokaci biyu, na can da na nan. Ko ka tura gayyata ta Google Calendar, tana nuna wa kowa da agogonsa. In akwai ɗalibi a Amurka ka ƙara lura, su Lahadi ta biyu a Maris da ta farko a Nuwamba suke canzawa.

Zoom na kyauta minti 40 ne ya katse, ko kana tsakiyar magana, don haka tsara darasi minti 35. Google Meet na kyauta kuwa yana ba aji awa ɗaya. Tura takardar darasi tun jiya, masu raunin intanet su kashe kyamara, kai kuma ka naɗi murya ka aika musu bayan an tashi. Sa abin ji a kunne, in ba haka ba muryarka za ta riƙa dawowa. Fitila a gabanka, ba a baya ba. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi a Landan, fuskarka sai ta koma inuwa.

Sai kiran gida. In da waya kake shiga aji, kiran WhatsApp na iya yanke maka sauti. Kuma da wuya hannu ya iya katse kiran Umma, balle a ɗakin da ka wuni ba wanda ya ambaci sunanka. Rubuta wa ƙanenka ranaku da lokutan darasi da agogon gida, ya karanta mata, ka ware mata lokacinta daban. In dai ka ɗaga a cikin aji, fara danna Alt da A a Zoom ɗin kwamfuta mai Windows ka rufe makirufo, don kada ɗalibai su ji ana tambayarka yaushe za ka zo.