Abin da Karatun Tarihin Bore Ya Koya Mini Game da Ikon Shugabanni

Cikin shekarun da na yi ina karatun tarihin siyasa, tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce: wa ke riƙe da madafun iko a ranakun da jama'a suka cika tituna suna neman shugaba ya sauka? A takarda amsar ba ta da wuya, domin kundin tsarin mulki ya fayyace wane ne shugaban ƙasa, wane ne babban kwamandan askarawa, kuma wa ke da hurumin kafa dokar hana fita. Amma idan mutum ya bi labarin bore rana bayan rana, zai ga cewa umarni magana ce kawai har sai an sami wanda ya yarda ya aiwatar da ita, kuma galibi wannan mutumin ba wani babba ba ne. Sojan da aka ce ya buɗe wuta ne, ko ma'aikacin layin dogo, ko mai kula da rijiyar mai. Daga hannun irin waɗannan mutane shugaba yake aron ikonsa, kuma an san kayan aro ba ya rufe katara.

Labarin da ya fara fahimtar da ni wannan shi ne na Rasha a watan Maris na 1917. Sarki Nicholas na Biyu yana hedikwatar soja a Mogilev lokacin da yajin aiki da zanga-zangar ƙarancin burodi suka mamaye birnin Petrograd, sai ya aika da umarnin a murƙushe tarzomar. Sojoji sun yi harbi a ranar 11 ga wata, amma da gari ya waye sai dakarun rundunar Volynsky suka juya wa hafsoshinsu baya, sauran barikoki kuma suka bi sahu. Sarkin ya shiga jirgin ƙasa da niyyar komawa wurin iyalinsa, aka shaida masa a hanya cewa tashoshin da ke gaba sun faɗa hannun 'yan bore, dole jirgin ya juya zuwa Pskov. A can ne saƙonnin manyan kwamandojinsa suka iske shi suna ba shi shawarar ya yi murabus, ya kuwa sa hannu a ranar 15 ga wata. Gidan sarautar da ya haura shekaru 300 yana mulki ya ƙare a cikin taragon jirgi, a hannun mutumin da ya kasa sa a buɗe masa hanya zuwa gidansa.

A Iran ma abin da ya faru bai yi nisa da haka ba. Yajin aikin ma'aikatan mai a ƙarshen 1978 ya sa abin da ƙasar ke haƙowa ya faɗo daga kusan ganga miliyan 6 a rana zuwa ƙasa da miliyan 1, baitulmalin gwamnati ya shiga mawuyacin hali. Shah, wato sarkin Iran, ya bar ƙasar ranar 16 ga Janairun 1979, ya bar Shapour Bakhtiar a kujerar firaminista da cikakken iko a bisa doka. Da majalisar ƙoli ta soja ta sanar a ranar 11 ga Fabrairu cewa sojoji 'yan ba-ruwanmu ne kuma za su koma bariki, gwamnatin Bakhtiar ba ta ƙara kwana ba.

Wurin da na fi daɗewa ina nazari shi ne mashigar Bornholmer da ke katangar Berlin, wadda ta raba birnin tsakanin Gabas da Yamma, a daren 9 ga Nuwamban 1989. Da maraice Günter Schabowski, kakakin jam'iyya mai mulki a Jamus ta Gabas, ya karanta wa 'yan jarida sabuwar dokar tafiye-tafiye, da aka tambaye shi yaushe za ta fara aiki sai ya ce nan take. Dubban mutane suka nufi mashigar. Jami'in da ke bakin aiki a daren, Laftanar Kanar Harald Jäger, ya yi ta buga waya ga na sama da shi yana neman umarni bayyananne, ba wanda ya yarda ya ɗauki nauyin cewa a yi harbi, ba kuma wanda ya yarda ya ce a buɗe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare ya sa aka ɗage shingen. Ina ganin a wannan sa'ar babu wani ɗan majalisar ƙoli ta jam'iyya da ya kai shi iko, kuma abin da ya miƙa masa ikon shi ne tsoron da manya suke yi na a ce su ne suka yanke hukunci.

Sai dai ba zan yi wa tarihi adalci ba idan na tsaya a nan, domin akwai shugabannin da umarninsu ya yi aiki, kuma sakamakon ya yi muni. A wannan shekara ta 1989 hukumomin Sin sun kafa dokar soja a Beijing ranar 20 ga Mayu saboda zanga-zangar ɗalibai a dandalin Tiananmen, mazauna birnin suka tare motocin soja har suka ja da baya, kwamandan runduna ta 38, Janar Xu Qinxian, ya ƙi jagorantar dakarunsa aka ɗaure shi. Duk da haka jagoran ƙasar Deng Xiaoping ya kawar da babban sakataren jam'iyya Zhao Ziyang wanda ke neman sulhu, ya haɗa kan dattawan jam'iyya, ya kawo dakaru daga yankuna dabam-dabam, aka afka wa jama'a a daren 3 zuwa 4 ga Yuni. A Siriya kuma gwamnatin Assad ta tsallake boren 2011 saboda ta daɗe da ɗora makusantanta a kan rundunonin da suka fi makamai, mutanen da suka san cewa faɗuwarta faɗuwarsu ce. Abin da na fahimta shi ne cewa ikon da shugaba yake da shi a ranar bore an riga an gina shi ko an rushe shi shekaru kafin ranar, ta hanyar waɗanda ya naɗa da waɗanda ya ɓata wa rai. Kuma wanda ya tsira ta hanyar zubar da jini ya kan gaji ƙasar da ta tsane shi, kamar yadda Assad ya gani bayan yaƙin shekaru 13, lokacin da sojojinsa suka watse ya tsere zuwa Rasha a Disamban 2024.

Akwai kuma batun lokaci, wanda a ganina nan ne shugaba ke da zaɓi na gaske. Ben Ali ya yi wa 'yan Tunisiya alkawarin ba zai sake tsayawa takara a 2014 ba a ranar 13 ga Janairun 2011, washegari ya gudu Saudiyya. Mubarak ya yi irin wannan alkawari ranar 1 ga Fabrairu, kwana ɗaya bayan sojojin Masar sun sanar cewa ba za su harbi masu zanga-zanga ba. Da an yi waɗannan alkawura shekara guda kafin nan, da wataƙila an karɓe su da godiya, amma bayan an binne matasa sai jama'a suka ɗauke su alamar rauni.

Jagororin 'yan adawa ma ba su tsira daga wannan hukunci ba. Lenin yana gudun hijira a Zurich lokacin da Petrograd ta tashi, kuma makonni kaɗan kafin nan ya gaya wa wasu matasa cewa mai yiwuwa tsararsa ba za su ga juyin juya halin da idonsu ba. Hanya mafi kyau ta auna ikon jagoran bore ita ce a ga ko zai iya cewa a tsaya kuma a tsaya. Gandhi ya iya a Indiya a Fabrairun 1922, lokacin da ya dakatar da gwagwarmayar ƙin haɗa kai da Turawan Ingila bayan fusatattun mutane sun ƙona ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura, inda 'yan sanda sama da 20 suka mutu. Abokan tafiyarsa da yawa sun ji haushi, amma an bi maganarsa. Irinsa ba su da yawa a cikin abin da na karanta, akasari jagora yana bin taron ne yana faɗin abin da taron ke son ji.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne abin da ke biyo bayan saukar shugaba. Taron jama'a yana iya hana mulki tafiya, amma gudanar da ma'aikatu da biyan albashi da tsare iyaka suna buƙatar tsari, don haka iko yakan gangara hannun wanda ya riga ya shirya. A Masar majalisar ƙoli ta soja ce ta karɓi ragama ranar 11 ga Fabrairun 2011, 'Yan'uwa Musulmi suka ci zaɓe a 2012, sojoji suka dawo a Yulin 2013, matasan dandalin Tahrir kuwa ba su sami kujera a ko wanne zagaye ba. 'Yan Sudan sun fi su shiri. Ƙungiyar ƙwararrun ma'aikata da kwamitocin unguwanni sun jagoranci zaman dirshan a gaban hedikwatar soja daga 6 ga Afrilun 2019, aka tumɓuke al-Bashir ranar 11 ga wata, suka kuma tilasta wa Janar Ibn Auf sauka bayan kwana ɗaya tak. Ko bayan kisan gillar 3 ga Yuni sun sake fitowa a ƙarshen watan har sai da aka sa hannu a yarjejeniyar raba iko a Agusta. Amma bindigogi sun ci gaba da zama a hannun Burhan da Hemedti, waɗanda suka kifar da gwamnatin Abdalla Hamdok ranar 25 ga Oktoban 2021, sannan suka juya wa juna makamai a Afrilun 2023, miliyoyin mutane suka rasa matsugunansu.