Allon Labarai a Makarantar 'Yata

A makarantar kuɗin da 'yata take karatu a Garwa ta ƙasar Kamaru, ɗalibai ne da kansu suke rubuta labaran mako da Faransanci su liƙa a allon da ke bakin ƙofa, kuma ni kan tsaya in karanta duk ranar da na je taron iyaye. A wannan karon labarin atisayen faretin ranar matasa ta 11 ga Fabrairu ya cinye rabin allon, har ya danne sanarwar darussan ƙari na masu shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, abin da bai yi mini daɗi ba. Da na yi wa shugaban makarantar magana, sai ya ce zaɓin yaran ne.