Kwana Uku a Tafkin Saimaa

Da muka sauka daga bas a ƙauyen Oravi, abin da jagorarmu ta fara sa mu yi shi ne cusa ƙafar wando cikin safa, saboda kaska. Ni da na tashi a Nguru, kaskar da na sani ta jikin shanu ce da karnuka. A nan kuwa cikin ciyawa take laɓewa tana jiran mutum, kuma cizonta kan bar ciwo mai wuyar rabuwa. Mu goma sha biyu ne, yawancinmu ɗalibai baƙi masu karatu a Joensuu, gabashin ƙasar Finlan, sai wani dattijo da matarsa da suka zo koyon sanin tsuntsaye. Makon farko ne na watan Yuni. Jagorar mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana, da madubin hangen nesa a wuya da ɗan littafi a aljihu.

Ƙaramin jirgin ruwa mai inji ne ya ɗauke mu zuwa gandun Linnansaari, wanda aka keɓe tun 1956. Kafin na zo na karanta cewa Saimaa shi ne tafki mafi girma a ƙasar, fiye da murabba'in kilomita 4,000, sai na ɗauka zan ga ruwa iya ganin ido. Ba haka yake ba. Tsibirai kusan 14,000 ne suka yayyanka shi, ka kewaya wannan, wani ya tare ka, ka shiga wani lungu ka fito a wani sarari. Direban jirgin yana bin sanduna masu launi da aka kafa a ruwa, domin duwatsu na kwance a ƙasa. Nan take na tuna masuntan garinmu da yadda suke bin hanyoyin kwalekwale a cikin kacala ba tare da sun ɓata ba.

Darasin farko a kan dutse aka yi shi. Ta sa muka durƙusa a kan wani falalen dutse mai santsi a bakin ruwa, muka shafa shi da tafin hannu. Akwai zane-zane siriri a jikinsa, duk sun miƙe hanya ɗaya, daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Ta ce ƙanƙara ce mai kaurin kilomita biyu ko fiye ta taɓa danne ƙasar nan gaba ɗaya, tana tafiya a hankali tana jan tsakuwa a ƙarƙashinta, tsakuwar ce ta karce dutsen. Da ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, ramukan da ta bari suka cika da ruwa. Daga nan tafkunan ƙasar suka samo asali, waɗanda aka ƙirga kusan 188,000. Na daɗe hannuna yana kan zanen. Na sha karanta wannan a aji, amma ban taɓa jin sa a yatsuna ba sai ranar.

Daga nan sai awon ruwa. Wani farin faifai ne aka ɗaura wa igiya, ana sake shi a hankali har ya ɓace wa ido, sai a auna tsawon igiyar. Namu ya ɓace a wajen mita uku. Ruwan yana da ɗan launin shayi marar madara, na zaci datti ne. Ta ce a'a, ruɓaɓɓen ganye ne da gansakuka na dausayin da ke kewaye suke rina shi.

Dajin kansa bai da yawan iri. Itatuwa uku ne suka mamaye shi: *mänty* mai jan ɓawo da ganye kamar allura, *kuusi* mai duhun inuwa, da *koivu* mai farin ɓawo kamar an shafa masa farar ƙasa. Ta fito da wani ƙarfe mai kama da sukudireba, ta murza shi cikin wani *mänty* da iska ta kayar, ta zaro ɗan siririn itace kamar tsinke. Kowane layi a jikinsa shekara ɗaya ce. Muka ƙirga tare, muka wuce 140, alhali kaurin bishiyar bai kai na darbejiyar ƙofar gidanmu ba, wadda mahaifina ya dasa da hannunsa. Lokacin girman itace a nan 'yan watanni ne, sauran shekarar sanyi ya ɗaure shi. Ta tambaye ni itatuwan ƙasarmu, na ba ta labarin gawo, mai zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Ta sa na maimaita sunan sau biyu, ta rubuta a littafinta.

A tsibirin Linnansaari akwai tsohon gidan gona da ake adanawa, kuma a can na ga abin da ban zata ba: sassabe. Mutanen wannan yanki sun yi ɗaruruwan shekaru suna sare daji, su bar shi ya bushe, su cinna wuta, su shuka hatsi a cikin toka, in ƙasa ta gaji su matsa gaba. Har yanzu ana ƙona ɗan fili don kada al'adar ta ɓace, kuma don furanni da ƙwarin da suka saba da irin wannan sarari su samu wurin zama. Abin da na ji ana zargin manomanmu da shi a littattafai, ga shi a nan an kafa masa allon bayani.

Dare ne ya ba ni wahala, in har za a kira shi dare. Rana ta faɗi wajen ƙarfe goma sha ɗaya saura, amma jan sararin yamma bai gushe ba, sai dai ya yi ta matsawa ta arewa har ya zama hasken alfijir. Shafaƙi ba ya ɓacewa a wannan lokaci, don haka na bi ƙiyasin da malamai suka ba Musulmin waɗannan ƙasashe, na yi Magariba, na ɗan jinkirta na yi Isha'i, ban yi wani barcin kirki ba Asuba ta shigo. Ruwan alwala kamar an ɗebo shi daga firji. Sauro kuwa ba a magana, sun fi na Nguru yawa nesa ba kusa ba, sai dai ba sa ɗauke da zazzaɓin cizon sauro. Ina zaune a bakin tanti wajen ƙarfe ɗaya, ina iya karanta rubutu ba fitila, sai wani tsuntsun ruwa ya saki kuka mai tsawo daga nesa, kamar mutum yana kiran wanda ya yi masa nisa. Da safe aka gaya mini sunansa *kuikka*.

Kwana na biyu na neman *norppa* ne, dabbar da kowa ya zo dominta. Dabbar ruwa ce mai shayarwa, mai gashin baki da manyan idanu, nauyinta kamar na mutum matsakaici. Abin da ya fi kusa da ita a tunanina shi ne ayu na kogin Binuwai, ko da yake ba dangi ba ne. Irinta babu a ko'ina a duniya sai wannan tafki. A da masunta na ganinta a matsayin ɓarauniyar kifi, har lada ake biyan wanda ya kashe ta. An haramta kisanta a 1955, duk da haka a shekarun 1980 ba su kai 200 ba. Zuwa 2024 sun kusa 500. Tana haihuwa ne a ƙarshen hunturu, cikin kogon da take haƙawa a tarin dusar ƙanƙara a bakin gaɓa. Shekarun da dusar ta yi ƙaranci, mutane kan fito da shebur su tara mata da hannu, jagorarmu ma tana cikinsu. Da bazara kuma ana hana kafa raga a yankunan da take, domin 'ya'yanta kan maƙale su nutse.

Mun yi awa huɗu a jirgi, inji a kashe mafi yawan lokaci, ba mai ɗaga murya. Can matar dattijon ta ɗaga yatsa. A kan wani dutse mai nisa, abin da na ɗauka dutse ne a kan dutse ya ɗaga kai. Lokacin sauya gashi ne, shi ya sa take shan rana. Ba a matsa kusa ba. Jagorar ta ɗauki hoto, ta ce zane mai kama da zobe da ke jikin kowace daban yake kamar zanen yatsa, da shi masu bincike ke gane ɗaya daga ɗaya.

Na ji daɗin ganinta, amma abin da ya tsaya mini a rai a hanyar dawowa ya faru. A saman wani dogon *mänty* akwai ƙatuwar sheƙa ta ƙirare, wani tsuntsu mai farin ciki da baƙin layi a ido yana shawagi a kanmu. Ya tsaya cak a iska, ya naɗe fiffike, ya faɗo ruwa ƙafafu a gaba, ya tashi da kifi yana girgiza jiki. A sama ya juya kifin, kai na kallon gaba, ya nufi sheƙar. Gabana ya faɗi, domin na san wannan faɗowar. Na gan ta ina yaro, da hunturu, a kan ruwan fadamarmu.

Na faɗa wa jagorar, ta ce ai ba mamaki. Wannan tsuntsu, *sääksi*, baƙo ne a nan. A watan Afrilu yake zuwa ya yi ƙwai, daga Agusta zuwa Satumba ya kama hanyar kudu, ya tsallake Bahar Rum da Sahara, da yawansu a Afirka ta Yamma suke yada zango. Uwar ce ke fara tafiya, uban ya ci gaba da ciyar da 'ya'yan, daga baya kowane ɗa ya tashi shi kaɗai, ba mai nuna masa hanya, tafiyar da ta haura kilomita 5,000. In ya isa ba ya dawowa a shekarar farko, sai ya girma a can. Tun 1971 ake bin sheƙunansu a ƙasar nan ana sa wa 'ya'yan zobe a ƙafa. Ta ce su rabin labarin kawai suke gani. Abin da ke faruwa a ɗaya rabin, ko ruwa ya ragu, ko kifi ya yi wuya, sai dai su gan shi a sheƙar da ta kwana ba kowa.

Ni kuma na san wani abu na wancan rabin. Na gaya mata yadda ambaliyar da ke cika fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu bayan gina madatsar Tiga, da yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Wannan karon ita ce ta yi shiru tana saurare, har dattijon ya matso da taswira ya ce in nuna masa wurin.

Kwana na uku mun hau tudun Linnavuori muka hango tsibiran daga sama, muka koma Oravi, aka soya mana ƙananan kifin *muikku* da ake ci har ƙashi. Ina jiran bas na kira mahaifina. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ka tuna shahon nan mai faɗa wa ruwa da ƙafa, wanda muke gani da sanyi?"

Ya ce, "Mai farin ƙirji? Na san shi mana. Da zafi ya shigo yake ɓacewa."

"To ga ni a inda yake zuwa. Na ga sheƙarsa jiya."

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Can ma kifi yake ci?"

Na ce kifi yake ci. Na roƙe shi in hunturu ya kama ya sa ƙannena su riƙa duba ƙafar duk wanda ya sauka kusa, ko za su ga zobe. Ya ce zai faɗa wa masuntan unguwa ma, su ne kullum a kan ruwa.