Motar da ke shiga ruwa, mun sa mata injin gas

Gareji na ƙarami ne a Haɗeja, ni da yara huɗu, aikinmu tarakta ne da injin ban ruwa da janareto. Shekara da shekaru ina wannan sana'a amma ban taɓa sa hannu a irin motar da wani Alhaji mai noman shinkafa ya kawo mana ba, a bayan tirela aka ɗauko ta don ko motsi ba ta yi. Sunanta Argo, ƙirar Kanada ce, kamfanin Ontario Drive & Gear ke yin su tun 1967. Taya takwas, jikinta roba mai kauri kamar baho, ba ta da sitiyari sai sanduna biyu, in ka ja na dama birki ya kama tayoyin dama sai ta juya. In ta faɗa ruwa kuma tayoyin ne ke zame mata filafili, tafiyar ba ta wuce ta mutum a ƙasa ba amma fa tana zuwa.

Injin fetur ɗin da ta zo da shi mai silinda biyu ya riga ya yi nokin. Alhaji ya ce Malam ni gas nake so, wato dizal, tarakta ta gas, injinan ban ruwa na gas, ban ga dalilin da zan riƙa aika yaro gari neman fetur saboda mota ɗaya ba. Na ga gaskiyarsa, ga shi injin gas ba ruwansa da filogi da kafireta, su ne kuwa ke fara ba da matsala in an jiƙe.

Na je Kano, Ƙofar Ruwa, na samo Kubota D722 na hannu, silinda uku, ƙarfinsa wajen doki 20. Na zaɓe shi ne don yana kai juyi 3600 a minti kamar na fetur ɗin, in ba haka ba kulocin bel ɗin da ke sauya mata giya ba zai yi aiki yadda ya kamata ba, mota ta yi ta kuka ba gudu. Sai da muka kai wa mai lez ya fere mana shaft da za a ɗaure jikin fulayiwil, sau biyu ana yi, na farko ya ɗan karkace bel ya fara cin gefe, baƙin garin roba ya cika ƙasan injin. Muka yi walda sabon mazauni da roba a ƙarƙashi saboda jijjiga, muka sa lagireto da fanka tunda tsohon injin iska ke sanyaya shi, muka ja tiyo na biyu mai mayar da mai tanki.

Inda na fi daɗewa shi ne ƙasa. Kowace taya akwai boris da sil inda aksil ya fito daga jiki, nan ne ruwa ke shiga, duka takwas ɗin na cire da hannuna ban bar wa yara ba, don rai za ta ɗauka. Sarƙoƙin da ke juya tayoyin kuwa tsatsa ta cinye su sai sababbi.

Ranar gwaji a kududdufin bayan gari hankalina ya tashi wallahi. A ƙasa lafiya lau take ja, amma tana shiga ruwa sai gabanta ya duƙa, injin gas da lagireto da ruwansa sun yi mata nauyi, na auna da tafin hannu na ga saura kaɗan ruwa ya kai baki. Na ce wa yaron ya fito da ita maza. Muka koma muka mai da batir can baya, akwatin kayan aiki ma baya, muka ƙara famfon kwashe ruwa, aka sake shiga da buhun taki biyu a baya sai ta zauna daidai.

Na faɗa wa Alhaji gaba da gaba, ranka ya daɗe mutum biyu kawai a gaba in za a shiga ruwa, kaya a baya, a duba toshiyar ƙasa kafin a shiga, kuma kar a kai ta tsakiyar kogi lokacin ambaliya don ƙarfin ruwa ya fi nata. Yanzu tana fadama tana kai taki inda tarakta ke kafewa, duk sati biyu yarona na zuwa ya ba boris giris ya cire kacala da ta nannaɗe aksil.