Zanen gawayi da alli da ya kai ni Landan

Da sassafe na shiga jirgin ƙasa daga Mancesta zuwa tashar Euston a Landan, daga nan na bi na ƙarƙashin ƙasa na sauka Charing Cross. Ana yayyafi a dandalin Trafalgar, don haka ban tsaya kallon zakunan tagulla ba, na wuce National Gallery, gidan adana zane-zane, kai tsaye. Shiga kyauta ne.

Abin da ya kawo ni zane ne na Leonardo da Vinci, gwanin zanen nan na Italiya, wanda ya yi fiye da shekara 500 da suka wuce. Babu fenti ko ɗigo a jikinsa, gawayi ne da farin alli a kan takardu 8 da aka manne wuri guda, tsayinsa ya kusa mita ɗaya da rabi. An rage hasken wurin da yake saboda haske yana cin takarda, sai da idona ya saba kafin na fara gani sosai.

Maryamu ce zaune a cinyar mahaifiyarta Hannatu, tana riƙe da jariri Yesu, shi kuma ya miƙa hannu yana sa wa ɗan yaro Yohanna albarka. Fuskokin matan nan biyu su suka tsayar da ni. Leonardo ya yi inuwa da gawayin, ya murza ta har ta yi laushi kamar hayaƙi, sannan ya ɗan taɓa goshi da kumatu da allin, sai fata ta fito da rai. Hannatu na kallon 'yarta, 'yar na kallon ɗanta. Amma hannun Hannatu da ke nuna sama, layin gefensa kawai aka ja, cikinsa fayau. Ƙafafun ma ba a ƙarasa su ba. A ganina wannan ya sa zanen ya fi manyan zane-zanen fenti da ke ginin shiga rai, domin kana ganin inda gwanin ya daɗe yana aiki da inda ya ɗaga hannu.

A 1962 Royal Academy, cibiyar masu zane da ke da shi a lokacin, ta sa shi a kasuwa, jama'a da gwamnati suka haɗa fam 800,000 don kada ya bar Ingila. A 1987 kuma wani ya harbe shi da bindiga, gilashin kariya ya tarwatse ya yaga takardar daidai rigar Maryamu. Masu gyara sun shafe sama da shekara suna haɗa ɓurɓushin. Na matsa iya inda aka yarda a matsa, na duba ƙirjin rigar da kyau, ban iya gane wurin ba.