Wata uku da rasuwar Mama

Yau wata uku cif da muka binne Mama a Kafanchan. Makonnin farko ko addu'a na kasa yi, in na durƙusa sai hawaye kawai. Ga kuɗin makarantar ƙannena, ga aikin nawa ma ba tabbas.

Jiya na buɗe tsohon Littafi Mai Tsarki nata, wanda bangonsa ya yage ta ɗinke da baƙin zare. A Yohanna 11 ta ja layi da jan biro, daidai inda Yesu ya yi kuka saboda Li'azaru. Ashe Shi ma ya san wannan zafin. Na daɗe a zaune.

Iyayena na zumuntar mata, Allah ya saka muku. Har yanzu kuna leƙowa da tulunku da waƙa, jiya ma har na ɗan amsa.